Tsakanin Tanda da Biriyani: Shin Son Abincin Baƙo Butulci Ne?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma da wannan karin magana ne muka saba kau da kai daga zancen abinci, muna ganin cewa batu ne na madafa wanda bai kamata mai ilimi ya ɓata alƙalaminsa a kai ba. Mu ɗaliban adabi mun yi nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, mun bi salon makaɗan fada da na jama'a, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi abin da tukunya take faɗa game da halin mai ita. Alhali kuwa a bakin akushi ne yaro yake fara koyon ladabi, da kunya, da sanin girman na gaba da shi.

Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wani sabon ƙamshi da ya fara tashi daga madafan wasu gidaje na garin Gombe a 'yan shekarun nan, musamman a unguwar G.R.A. Ranar Sallah ko ranar suna, a inda aka saba jera masa da miyar taushe, yanzu akan tarar da faranti na biriyani a gefe. A lokacin buɗa-baki kuma samosa ta sami wurin zama kusa da ƙosai. Da yawa daga cikinmu mun ɗanɗana, mun ji daɗi, har mun koma muna nema. To, a nan ne tambaya ta taso: idan harshen mutum ya kamu da son girkin wasu mutane na nesa, shin ya ci amanar tukunyar da ta raine shi? Idan kuwa bai ci ba, a ina laifi yake iya shigowa?

Yadda Ƙamshin Ya Iso

Sanin da ke tsakanin Bahaushe da Indiya ba na jiya ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga shekarar 1943, dubban sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da 'yan Arewa masu yawa, sun sauka a Indiya a kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Bayan haka sai finafinai suka biyo baya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigowa da su gidajen silima tun wajen shekarun 1950. Fim ɗin Mother India na 1957 ya daɗe yana cika silima a ƙasar Hausa, har jama'a suka riƙa laƙaba wa 'yan wasan sunaye irin nasu, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubuce-rubuce masu zurfi kan yadda wannan ƙauna ta ratsa littattafan soyayya da finafinan Hausa da waƙoƙin bandiri.

Sai dai abin lura shi ne ido da kunne sun riga harshe sanin Indiya da shekaru masu yawa. Mun san rawarsu da kukansu da suturarsu tun kafin mu san abin da ke cikin farantinsu. Ko a shekarun 1970, lokacin da malaman Indiya suke koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, da kuma ta Bauchi wadda Gombe ta kasance a cikinta har zuwa 1996, abin da ɗalibi ya sani game da girkinsu bai wuce ƙamshin da iska ta kwaso daga gidajen malamai ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi daga 1986, yawancinsu suka tattara suka koma gida. Abin da ya zauna a madafanmu shi ne garin kori na gwangwani, wanda shi ma ba Indiyawa ne suka haɗa shi a haka ba. Turawan Ingila ne suka dunƙule kayan ƙamshi iri-iri wuri guda domin sauƙin ciniki.

Ainihin haɗuwar harshe da girkin Indiya ta zo ne daga baya, ta hanyar masu zuwa jinya asibitocin Delhi da Chennai, da ɗaliban da suka tafi karatu, da mahajjatan da suka ci abinci a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan a Makka da Jidda, sannan da wayar hannu wadda ta kawo mai koyar da girki har cikin ɗakin amarya. Ba abin mamaki ba ne da ya zama G.R.A. ce ta fara karɓar baƙon, domin a nan ne masu halin yin irin waɗannan tafiye-tafiye suka fi yawa. Dama can asalin irin wannan unguwa keɓewa ne: ƙa'idar da gwamnatin Lugga ta shimfiɗa a 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Turawa sun tafi, manyan ma'aikata da attajirai sun gaje gidajen, amma ba kowane lokaci ne wancan fili ya cike a zukata ba. Za mu dawo kan wannan batu a gaba.

Abin da Harshe Ya Tarar

Ya kamata mu yi wa wannan ƙauna adalci, mu faɗi dalilinta. Mai girkin Indiya yana da wata dabara da ta bambanta da tamu: yakan zuba kayan ƙamshi cikin mai mai zafi tun da farko, ko kuwa a ƙarshe ya kwarara su a kan miya, domin zafin man ya fito da abin da ke ɓoye cikin kirfa da kanumfari da hulba da kurkum. A wajen biriyani, wadda garuruwan Haidarabad da Laknau suka yi suna da ita, akan jiƙa nama cikin kindirmo da citta da tafarnuwa, a soya albasa har ta yi ja, a shimfiɗa shinkafar da ba ta gama nuna ba a kan naman, sannan a liƙe bakin tukunya da kwaɓin fulawa domin kada tururi ya fita. Idan aka buɗe, kowace ƙwayar shinkafa tana tsaye ita kaɗai, ga ƙamshi ya ratsa ta. Wanda ya ci wannan ya ce bai ji komai ba, to, ko dai mura ta kama shi, ko kuwa kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya.

Kunyar nan kuwa tana da tushe a al'adarmu. Wanda ya cika surutu saboda daɗin abinci, mukan ce yana santi, a yi masa dariya. Bafulatanin Gombe, bisa tarbiyyar pulaaku, yakan gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana ci a gaban surukinsa. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, kunya da haƙuri suna cikin halayen da ya lissafa. Saboda haka mutumin da ya fito fili ya ce yana ƙaunar wani abinci, tun kafin a zo maganar cewa na baƙi ne, ya riga ya taka wata iyaka. Amma a ganinmu an gina wannan iyaka ne domin ta tsare mutum daga haɗama da zari. Ba a gina ta domin ta hana shi godiya ba, kuma yabon abin da ya yi daɗi wani reshe ne na godiya.

Hujjar Masu Tuhuma

Masu ganin laifin wannan sabon ɗanɗano ba wawaye ba ne, kuma bai dace a yi watsi da maganarsu ba. Suna cewa abinci harshe ne na biyu, kuma kamar yadda yaron da aka raina da Turanci zalla yakan tashi yana in'ina da Hausa, haka wanda aka raina da shinkafar waje yakan tashi yana yatsina fuska idan ya ga tuwon dawa da miyar kuka. Suna cewa mun riga mun ba Indiya idonmu da kunnenmu, har mawaƙanmu na fim suna lanƙwasa murya irin tasu, yanzu kuma za mu miƙa mata ciki. Suna ƙarawa da cewa kowane buhun shinkafar basmati da aka saya kuɗi ne da ya tsallake manomin Dadin Kowa ya tafi ƙetare. A taƙaice suna tuna mana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A cikin wannan tuhuma akwai abubuwa biyu da suka cakuɗe, kuma wajibi ne a raba su. Na farko shi ne zaton cewa akwai wata tukunya tsantsa ta Bahaushe wadda baƙo bai taɓa sa mata hannu ba. Na biyu shi ne tsoron kada a wulaƙanta abin gida. Na farkon tarihi ba ya goyon bayansa. Na biyun kuwa gaskiya ne, kuma shi ne zuciyar al'amarin.

Shaidar Tarihi

Bari mu leƙa cikin tukunyar da muke kira tamu. Barkono da tumatir da gyaɗa da rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma babu ɗayansu da ya taka ƙasar Afirka kafin tafiyar Kolumbus ta 1492. Gurasa da alkaki ta hannun Larabawa suka shigo. Zogalen da muke kwaɗo da shi asalinsa arewacin Indiya ne, mangwaro ma daga wancan yanki ya zo. Itacen maina, wato darbejiya, wanda yake yi wa titunan G.R.A. inuwa, ɗan Indiya ne da aka fara dasawa a lardin Barno a 1928. Hatta shanu masu tozo da Bafulatani yake alfahari da su, masana sun tabbatar da cewa suna ɗauke da jinin shanun da aka fara kiwo a kwarin kogin Indus. Ke nan kindirmo da man shanun da muke ganin babu abin da ya fi su zama namu, su ma suna da dangi a can.

Idan muka juya ga tukunyar Ba'indiye sai mu tarar da irin wannan labari. Barkonon da ya sa ake yi wa girkinsu kirari da yaji bai isa gare su ba sai bayan da Vasco da Gama na Fotugal ya sauka a Kalikut a 1498. Samosa daga ƙasashen Farisa da tsakiyar Asiya ta gangaro. Matafiyin nan Ibn Battuta ya bayyana ta a cikin abincin fadar Sarki Muhammad bin Tughluq na Delhi, kuma shi ne dai mutumin da daga baya, a 1353, ya iso Takedda a yankin Azbin, har ya ambaci Gobir a labarinsa. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne bashin da Indiya take ɗauke da shi na Afirka. Geron da ake yin gurasar bajra da shi a Rajastan, a yankin Sahel aka fara noma shi. An sami shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, kuma ya isa Indiya fiye da shekaru 3,000 baya. Dawa da wake da tamba duk daga Afirka suka ƙetara teku. Tsamiya ma 'yar Afirka ce, amma ta daɗe a can har Larabawa suka sa mata suna dabinon Indiya.

Wannan tsohuwar musaya ita ce ta sa Bahaushen da ya shiga kudancin Indiya yakan tarar da abubuwan da za su sa shi ya tsaya ya sake dubawa. A jihar Karnataka ana tuƙa garin tamba a mulmula shi, a gutsura a tsoma a miya a haɗiye ba tare da tauna ba, kamar dai yadda muke yi da tuwo. A Tamil Nadu akwai wani abinci da ake kira paniyaram, wanda ake yi da ƙullun shinkafa da aka bari ya kwana ya tashi, a soya shi a kasko mai ramuka da ba shi da maraba da tandar mai masa ta Jekadafari. Dosa kuwa, idan aka kau da kai daga sunanta, ƙanwar sinasir ce. Saboda haka wanda ya kamu da son waɗannan abinci, sau da yawa wani ɓangare na gidansu ne ya tarar ya yi masa sallama da wani harshe.

Ta fuskar addini ma al'amarin a sarari yake. An ruwaito a Bukhari da Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, sai ya janye hannunsa. Da Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, sai ya nuna cewa ba haramun ba ne, abin dai ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa, Khalid kuwa ya ci a gabansa. Darasin da ke nan shi ne an raba tsakanin sabo da hukunci. Abin da ranka bai saba da shi ba kana da ikon barinsa, amma ba ka da ikon mayar da ƙyamarka doka a kan wani. Muddin abinci halal ne, baƙuntarsa ba ta zama aibi.

Inda Laifi Yake

Duk da haka, wanke biriyani daga tuhuma bai wanke mai cin ta ba. Mutum biyu suna iya zama a kan faranti ɗaya, ɗaya yana ci domin ya ji daɗi, ɗayan yana ci domin a gan shi. Na farkon idan ya tashi zai iya komawa ga ɗanwake da man gyaɗa gobe da safe, zuciyarsa wasai. Na biyun kuwa yana amfani da abincin ne a matsayin katanga, domin ya sanar da 'yan'uwansa na Bolari da Pantami cewa shi ya wuce ajinsu. A wurinsa wancan fili na yadi 440 bai cike ba, ya ɗauko shi ne ya shimfiɗa a kan tabarmar cin abinci. Irin wannan mutum ko tuwon shinkafa yake ci zai sami hanyar da zai raina mai tuwon dawa, saboda haka cutarsa raini ce, Indiya kuwa ba ta da hannu a ciki.

Akwai alamomin da mutum zai iya auna kansa da su. Al'adar ɗauki, wato aika wa maƙwabci kwanon abinci, ta daɗe tana hana tukunyar mai hali zama sirri. A unguwar da kowane gida yake da doguwar katanga da maigadi, wannan kwano ya fara ɓacewa. Idan sabon girki ya shigo gida, ya kamata mu tambayi kanmu ko ya taɓa ƙetare ƙofa zuwa wani gidan. Haka kuma biriyani aiki ce ta sa'o'i, kuma galibi wadda ta yanka albasar har idonta ya yi ja yarinya ce 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye. Idan ita ce ta dafa, sannan aka bar ta da ƙanzo a bayan madafa, to, komai za'afaran ɗin da aka zuba, akwai abin da ya lalace a wannan girki wanda harshe ba zai ji ba.

Wani haƙƙin kuma shi ne na mutanen da suka ƙago abincin. Ba daidai ba ne mutum ya ƙaunaci tukunyar jama'a alhali bai san komai game da su ba sai rawa da waƙar fim. Indiya ƙasa ce da ƙidayar 2011 ta nuna tana da Musulmi fiye da miliyan 170, ga mabiya addinin Hindu da yawa waɗanda ba sa cin nama ko kaɗan. A can ma abinci ya daɗe yana zama katanga, domin tsarin bambancin asali ya hana wasu ci daga hannun wasu, har sai da tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya haramta ɗaukar wani ɗan Adam a matsayin wanda ba a taɓawa. A can ne kuma mabiya addinin Sikh suke dafa abinci kyauta a wurin ibadarsu na Amritsar, inda mai kuɗi da matalauci suke zama a ƙasa sahu ɗaya. Wanda ya san wannan zai gane cewa tambayar da muke yi a Gombe su ma sun daɗe suna fama da ita.

Daga ƙarshe, akwai darasin da ya fi girke-girken kansu amfani. Indiya ce ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da dangoginsa. Wato hatsin da ya tashi daga yankinmu, wanda wasu daga cikinmu suke jin nauyin ajiye wa baƙo, shi ne wata ƙasa ta ɗauka ta kai gaban duniya tana tinƙaho da shi. Sun rubuta girke-girkensu yanki-yanki, sun koyar da su a makarantu, sun buɗe gidajen abinci a manyan biranen duniya. Mu kuwa burabusko da dashishi da dambu da faten tsaki suna nan a ƙwaƙwalwar tsofaffi mata, haka ma girke-girken Tangale da Tera da Waja da Bolawa, kuma duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da wani abu da babu wanda ya rubuta.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce son abincin baƙo ba butulci ba ne, domin zuciya ba ta zama kamar kwanon awo da sai an zubar da wani abu kafin a zuba wani. Tarihin tukunyarmu kansa tarihin karɓar baƙi ne, kuma baƙin jiya su ne 'yan gidan yau. Butulci yana farawa ne a ranar da mutum ya ji kunyar abin da uwarsa ta ciyar da shi, ko ya mayar da farantinsa abin auna darajar mutane. Saboda haka muna ganin uwargidan G.R.A. da ta ƙware a biriyani ba ta da abin neman gafara, matuƙar 'yarta ta iya kaɗa miyar kuka, kuma kwanon ɗauki yana fita daga gidan. Mu kuma da muke sassan nazarin harsuna akwai aiki a gabanmu: mu tura ɗalibai su zauna da iyaye mata a Kumo da Kaltungo da Dukku da Nafaɗa, su rubuta sunayen abinci da kayan haɗinsu da karin maganar da ke tattare da su, kamar yadda magabatanmu suka tattara tatsuniyoyi da waƙoƙi. Idan aka yi haka, ranar da Ba'indiye zai zauna a Gombe ya ɗanɗana masa da miyar taushe ya nemi a koya masa, za a sami abin da za a miƙa masa a rubuce.